Kano zuwa Ikko a mota da iyali: abin da tafiyar ta ci da abin da ta bayar

Baban Khalil (Gwammaja):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da muka dawo daga Ikko a hutun ƙarshen shekarar 2024 mutane ke ta tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, musamman masu dangi a kudu da ke son kai iyali su gaisa. Shi ya sa na ga gara in baje lissafin a nan, kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Bikin 'yar wana aka yi a Agege. Mu bakwai muka tafi a Sienna, har da uwargida da yara. Mun bi ta Zariya, Kaduna, Zuba, Abaji, Lokoja, Okene, Owo, Akure, Ife, Badun, sannan Ikko. Zuwa kaɗai ya haura kilomita 1,000. Idan an cika motar da mutane da kaya, lita ɗaya ba ta wuce ta kai mu kilomita takwas ko tara, kuma a lokacin litar fetur ta haura N1,000 a yawancin gidajen mai. Zuwa da dawowa da zirga-zirgar cikin gari, mai kaɗai ya lashe kusan N300,000. Kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai N200 ba, N60,000 ta isa wannan man. Sai sabis kafin tashi, sai sababbin tayoyi biyu, sai abincin hanya, sai tsaraba, domin ba ka shiga gidan dangi hannu rabbana. Kilishi da dambun nama da turaren wuta da atamfofi muka ɗauka.

Amma ga abin da ya sa har gobe nake ganin mota ce daidai. Danginmu ba a Ikko kaɗai suke ba, a jere suke a kan hanya. Gwaggona tana Suleja. Aminin mahaifinmu yana Lokoja. Kawu yana unguwar Sabo a Badun. Baffa yana Shagamu tun kafin a haife ni, sana'ar goro yake yi. Jirgin sama zai ɗauke ka daga filin Malam Aminu Kano ya sauke ka Ikeja cikin awa ɗaya da rabi, ya tsallake duk waɗannan gidaje. Ni kuwa yarana sun kwana a kowanne, sun ci tuwon kowanne, yanzu idan aka ce Baffan Shagamu sun san fuskar da ake nufi.

Ɗan Bompai:
Wa alaikumus salam. Yaya, Allah ya ba da ladan zumunci. Amma ni gaskiya lissafinka bai cika ba, domin ka sa kuɗin mai da taya, ba ka sa ran mutum bakwai ba. Ka zuba gidanka kaf a mota ɗaya ka bi dajin Kogi da Ondo. Ko wata uku ba a yi da dawowarku ba aka kashe mafarauta 16 'yan jihar nan a Uromi, a watan Maris na 2025, suna hanyarsu ta dawowa gida sallah daga Fatakwal. Matafiya ne kamar ku. Hanyar Kaduna zuwa Abuja kuwa kowa ya san abin da aka sha a kanta, har mutane suka koma jirgin ƙasa, shi ma aka kai masa hari a Maris na 2022. Ni ba na ganin akwai bikin da ya kai in sa 'ya'yana a wannan hali. In ya zama dole, ka je kai kaɗai a jirgi, ka wakilci gida.

Baban Khalil (Gwammaja):
Ƙanena, tsoronka a kan hanya yake, ni ma da shi na tashi. Abin da ya faru a Uromi har yau yana ci min rai, Allah ya jiƙansu. Amma tikitin jirgi ɗaya a lokacin ya haura N100,000 zuwa kaɗai. Mutum bakwai zuwa da dawowa ka lissafa da kanka. Ke nan zaɓin ba tsakanin mota da jirgi yake ba, tsakanin mota ne da zama a gida. Idan kuwa kullum ni kaɗai nake zuwa, ranar da babu ni babu wanda zai san ƙofar gidan kowa.

Direban Unguwa Uku:
Alhaji Baban Khalil, sannu da hanya. Ni tuƙin haya ne sana'ata, kudu da arewa, bari in ƙara maka abin da masu motar gida ba sa sawa a lissafi. Kuɗin da tafiya ta ci ba a ranar dawowa ake saninsa ba, sai bayan wata ɗaya ko biyu. Lokacin ne shokazoba za ta fara kuka, burki ya fara ƙara, ka ga taya tana cinyewa ta gefe ɗaya saboda ramukan da ta faɗa tsakanin Kaduna da Zuba ko gangaren Okene. Duk wanda zai yi irin wannan tafiya ya ware kuɗin gareji na bayan dawowa tun kafin ya tashi.

Sannan taya. Mutane suna duba zanenta kawai, su ce ai sabuwa ce. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Taya ta tsufa a ajiye ko ba a taɓa ɗaura ta ba, kwalta mai zafi da lodi ne ke tona mata asiri. Yawancin kifewar da na gani da idona a hanyar nan daga fashewar taya ne ko gyangyaɗi. Mutum ɗaya ya ce zai ja mota daga Kano har Ikko ba mai karɓarsa, wannan ganganci ne. Mu da muka saba ma ba ma yi sai da hutu.

Game da maganar Ɗan Bompai, hatsarin gaskiya ne, amma yana da lokaci. Mu ƙa'idarmu kada magariba ta riske ka a daji. Ka tashi bayan asuba, la'asar ta same ka a garin da za ka kwana. Kuma ka tambayi direbobin tasha labarin hanya a daren da za ka tashi, su ne suke da labarin jiya.

Baban Khalil (Gwammaja):
Malam direba, maganarka dutse. Bayan dawowa sai da na canja shokazoba biyu na gaba da birki. Tuƙi kuwa ƙanin uwargida ne yake karɓata.

Mun kuma samu matsala a kusa da Owo. Tiyon lagireto ya fashe, allurar zafi ta haura, tururi ya turnuƙe gaban mota. Muka gangara gefen titi kusa da wata 'yar kasuwa. Bakaniken da muka samu Bayarabe ne, ba ya jin Hausa, turancinmu kuma bai haɗu ba. Sai ga wani mai shayi, ɗan wajen Sakkwato, ya bar teburinsa ya zo ya yi mana tafinta. Ya shimfiɗa wa mata tabarma a bayan rumfarsa, ya kawo buta da ruwa. Bakaniken ya hau babur ya shiga gari ya samo tiyo, ya ɗaura, ya cika ruwa, ya sa muka bar injin yana aiki yana sa hannu yana taɓawa har ya tabbatar ba ya ɗiga. Kuɗin da ya karɓa bai wuce abin da za a karɓa a Kofar Ruwa ba. Matarsa ma ta aiko wa yara lemo. Na faɗi wannan ne saboda babban ɗana ya tashi da jin cewa duk wanda ke kudu maƙiyinsa ne, abin da yake gani a waya ke nan. Ranar ya ga wani abu dabam da idonsa.

Maman Hanifa:
Baban Khalil, Allah ya saka da alheri. Ina da magana biyu, kuma don Allah maza ku saurara, domin duk lissafin da aka yi zuwa yanzu na mota ne.

Ta farko, wahalar mace a irin wannan tafiya ba ta shiga lissafi. Ita ce za ta kwana tana soya nama da cincin, ta haɗa kayan kowane yaro, ta riƙe na goye a cinya tun daga Kwanar Dangora har Lokoja. Namiji ko ina ya tsaya ya kama ruwa. Mace fa? Gidajen mai da yawa banɗakinsu ba ya shiguwa, wasu a kulle. Na yi tafiyar Ilori da yara, tun safe na ƙi shan ruwa saboda wannan, na isa da ciwon kai da kumburin ƙafa. Duk mai shirin tafiya da iyali ya tsara inda mata za su tsaya kamar yadda yake tsara inda zai sha mai.

Ta biyu ta fi damuna. Kun kwana gida huɗu ko biyar, ku bakwai. Kuɗin otal da kuka huta biya, wani ne ya biya shi. Gwaggon da ke Suleja ta yanka kajinta, ta auno shinkafa, wataƙila da bashi, ta tashi yaranta daga ɗaki. Ba za ta taɓa faɗa ba, kunya ba za ta bari ba. A wannan tsadar rayuwar, saukar baƙi bakwai ba ƙaramin abu ba ne. Ba cewa nake kada a je ba. Cewa nake a sa wannan a lissafi, a riƙa shiga da buhun shinkafa ko galan ɗin mai, ba kilishi kaɗai ba.

Hajiya ta Agege:
Maman Hanifa, 'yar uwa, kin faɗi gaskiya, amma bari ki ji daga bakin masu masauki. Ni haifaffiyar Fagge ce, aure ya kawo ni Agege. Wallahi abin da ke ci mana rai ba kuɗin cefane ba ne, rashin zuwan ne. Kullum mu ne masu hawa mota mu je Kano, biki ko rasuwa, kamar mu kaɗai zumunci ya wajaba a kanmu. 'Ya'yanmu suna tashi da Yarabanci a bakinsu, Hausarsu tana karyewa, in sun je gida ana yi musu dariya ana ce musu 'yan Ikko. Ranar da mota mai lambar Kano ta tsaya a ƙofar gidanki, maƙwabta suka ga kina da dangi, wannan daɗin ba ya sayuwa. Shinkafar dai a zo da ita, ba za mu ƙi ba. Amma kada tsoron ɗora mana nauyi ya zama dalilin yanke mu.

Baban Khalil (Gwammaja):
Maman Hanifa, na karanta wa uwargida saƙonki, ta ce ki sha ruwa kin gama magana. Mun bar wa kowane gida ɗan abin cefane a hannun matan gidan, a ɓoye, domin mazan ba za su karɓa ba.

Alhaji na Kantin Kwari:
Ni ɗan kasuwa ne, da idon kasuwa zan duba. Ma'aikaci yana da hutu, albashinsa na tafiya ko yana Okene. Mu kuwa ranar da ka rufe shago ko ka bar wa yara, ranar ta tafi. Ƙarshen shekara kuma lokacin ciniki ne, baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru suna shigowa sari. Wannan asarar ta fi kuɗin mai a wurina. Yanzu ga waya, ana kiran bidiyo a ga juna, a tura gudummawa ta banki cikin minti ɗaya. N300,000 ɗin man nan da an tura wa amarya, da ta fi amfana.

Malam na Sani Mainagge:
Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Gudummawa tana da ladanta, amma ba ta maye gurbin takawa. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take sun san akwai aike tun a wancan lokacin, ba su ce a aike take ba.

Shari'a kanta ta san tafiya wahala ce. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa tafiya yanki ce ta azaba, tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa, idan ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Shi ya sa aka yi mana sauƙi. Na lura matafiya da yawa ba sa amfani da sauƙin nan, ko kuma suna barin salla gaba ɗaya sai sun isa. A mazhabarmu ta Malikiyya, tafiyar da ta kai mil 48 ana yin kasaru, azahar da la'asar da lisha su koma raka'a biyu-biyu, daga lokacin da ka bar gine-ginen gari. Idan ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, sai ka cika. Akwai kuma rangwamen haɗa azahar da la'asar a kan hanya. Wannan yana rage yawan tsayawa a wuraren da ba a aminta da su ba. Mai iyali ya koya wa yaransa wannan a aikace, karatun da ba a mantawa ke nan.

Baba Dattijo (Koki):
'Ya'yana, ina ta karanta ku. Bari tsoho ya sa baki.

Wannan garin da tafiya aka gina shi. Kakanninmu da ƙafa da jakuna suke zuwa Gwanja sayen goro, har Salaga a ƙasar Gana ta yau, ayari guda ƙarƙashin madugu, wata da watanni a hanya, zango bayan zango, ana biyan fito a bakin kogi ana biyan kuɗin ƙasa ga sarakuna. Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955, da fataucin goron nan ya fara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, harkar ta juya kudu, shi ya sa kuka ga Hausawa sun kafa Sabo a Badun da Shagamu, suka cika Agege. Baffan da Baban Khalil ya je gani, jikan wannan tarihin ne.

Mahaifina kuma ta ƙasa ya yi hajji. Daga Kano zuwa Maiduguri, zuwa Fort Lamy da ake kira Njamena yanzu, zuwa Abeche, a shiga Sudan ta Junaina, a kai El Obeid inda ake samun jirgin ƙasa, sannan bakin teku a haye zuwa Jidda. Guzuri yakan ƙare a hanya, sai mutum ya tsaya ya yi aikin auduga a Jazira ya tara na gaba. Da yawa ba su dawo ba, suka zauna can, ga garin Mai Wurno nan a bakin kogin Nilu shaida. Shi ya dawo bayan shekaru, ya tarar an ci gonarsa da bashi. Ban taɓa jin ya kira tafiyar asara ba, amma kuma mahaifiyarmu ce ta san abin da ta sha a bayansa, da surfe da saƙa ta riƙe mu. Don haka maganar Maman Hanifa tsohuwar magana ce, kowace tafiya akwai wanda yake biyan kuɗinta a ɓoye.

Ɗan Bompai:
Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Amma ayarin da kuke magana suna tafiya ne da yawa, da masu tsaro, da madugu da ya san kowane zango. Yaya shi kaɗai ne da mata da yara. Ni dai ban sauka daga ra'ayina ba. Abin da zan yarda da shi shi ne in an gama layin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021, ya haɗu da na Abuja, to a nan zan fara tunanin ɗaukar yara.

Baban Khalil (Gwammaja):
Ba zan matsa maka ba ƙanena, kowa ya san abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka. Amma bari in faɗa maka abin da ya fi zauna min a rai, tunda Baba ya taɓo goro.

A Shagamu Baffa ya kai yaran sitonsa. Mata na zaune sun kewaye tulin goro suna ɓare ɓawo suna wankewa, wasu suna tsince mai tsutsa, ana ware marsa gefe guda. Ya nuna musu yadda ake shimfiɗa ganyen fita a kwando, a jera goro, a rufe, a ɗaure huhu yadda iska ba za ta busar da shi ba har ya isa kasuwar Mariri. Ya sa Khalil ya ƙirga ƙwarya ɗaya da hannunsa, goro ɗari, ya ba shi ya ce ya kai wa kakarsa. Yaron nan sau nawa muna wucewa ta Mariri bai taɓa tambayar daga ina goro yake zuwa ba. Yanzu da kansa yake kiran Baffa a waya yana tambayar ko sabon goro ya shigo ko har yanzu daushe ake sayarwa. Shi ma Baffan ya ce bana zai turo 'ya'yansa biyu su yi hutu a Gwammaja, abin da bai taɓa yi ba.

Haka a gadar Murtala da ke Jamata, kafin Lokoja. Na rage gudu don su ga kogin Kwara, ƙaramar ta tambaya ko teku ne. A Lokoja aka hau da mu dutsen Patti, suka hango inda Kwara da Binuwai suka haɗu, abin da suke zanawa a littafin makaranta.

Ummu Sadik:
Salamu alaikum. Na daɗe ina bibiya ban yi magana ba. Mahaifiyarmu tana son zuwa Ilori ta ga yayarta, shekarunta sun ja, kuma ta ce ba za ta hau jirgin sama ba. Ni da mijina muke son kai ta. Malam direba, wace hanya ka ga ta fi, kuma me za mu tanada?

Direban Unguwa Uku:
Hajiya, Allah ya ba da lada. Tsohuwar hanyar Ilori ita ce ta Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, Jebba. Ita ce gajeriya, amma ni ba zan ce ku bi Birnin Gwari da tsohuwa a mota ba sai kun ji labari mai ƙarfi daga direbobin da suka biyo ta a makon. Akwai ta Suleja, Lambata, Bida, Mokwa, sai dai tireloli da tankokin mai sun yi mata yawa, wani lokaci mota ɗaya ta lalace a tsaya cak. Ko kuwa ku zagaya ta Lokoja da Kabba da Omu-Aran, ta fi nisa. Idan damina ce ku ƙara tambaya, kun ji ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025, kuma a 2022 ruwa ya taɓa rufe hanyar Lokoja wajen Kotonkarfe.

Kada ku yi ta a yini ɗaya. Ku kwana a Suleja ko Abuja, Mama ta miƙe ƙafa. Ku ba ta kujerar gaba a kwantar mata da ita kaɗan, a tsaya duk bayan awa biyu ta ɗan taka. Maganinta na hawan jini ko suga ya zauna a jakar hannu, kada a sa shi a but ƙarƙashin kaya. Takardun mota su cika, lasin da inshora da gwangwanin kashe gobara da safaya mai iska da jak, domin shingaye suna da yawa kuma mai cikakkun takardu ba ya daɗewa. Ku riƙe tsabar kuɗi kaɗan, akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, tiransifa ba ta tafiya. Idan kun sa rana ku yi min magana ta gefe, zan tambayar muku yaranmu da ke lodin Ilori yadda hanya take a ranar.

Maman Hanifa:
Ummu Sadik, ki ƙara da buta biyu da babban zane na kariya da fo na roba saboda Mama. Kuma ki kira yayar tata tun yanzu ki tambayi abin da gidan ya fi buƙata, kada ki bari sai kun isa.